Jari ya samu, kaya sun iso, ina hannun da zai haɗa baburan lantarki a Maraɗi?

Abdul-Aziz:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ba tare da na sa baki ba, amma yau wata matsala ta sha mini kai, na ga gara in kawo ta gaban waɗanda suka fi ni sanin aiki da sanin mutane. Ni da abokin kasuwancina mun yi shekara huɗu muna aikin sola a unguwar Zariya, muna kafa faranti da batir a gidaje da shaguna. Tun da Najeriya ta cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, man da ake shigowa da shi ta Ɗan Isa ya daina arha, 'yan kabu-kabu suka shiga kuka, sai muka ga akwai kasuwa a babur mai aiki da lantarki. Muka tara abin da muke da shi, wani dattijo ya ƙara mana, muka yi odar babura 24 daga Sin, a wargaje cikin kwalaye, domin mu haɗa su a nan gida. Kayan sun yi watanni a hanya daga tashar Lome, mun biya duwan, sun iso lafiya. Yau wata uku ke nan, bakwai kaɗai muka kammala, kuma biyu daga cikinsu an dawo mana da su.

Ma'aikata ne suka gagare mu. Da na ba da sanarwar neman masu aiki, matasa sama da 40 suka zo ƙofar shago a rana guda, har maƙwabta suka zaci rabon wani abu ake yi. Na shimfiɗa takardar zanen wayoyin babur a kan benci, na ba kowa mita, na ce ya nuna mini inda wuta take bi daga batir zuwa injin da ke cikin tayar baya. Mutum uku ne suka iya. Na ɗauke su duka, na yi mako shida ina koya musu abin da ni ma nake kan koyo. Ɗaya ya tafi haƙar zinariya a arewa, ɗaya wata ƙungiya mai aikin famfunan sola ta ɗauke shi, saura ɗaya, shi ma kullum ina kallon fuskarsa da fargaba. Na karanta cewa kamfanonin motocin lantarki na Amurka, masu biliyoyin kuɗi, su ma sun yi fama da rashin ma'aikata da tafiyar hawainiya wajen ƙera mota. Su dai an ce mutane ne suka yi musu ƙaranci. To mu da garinmu ya cika da samari marasa aiki, ta yaya muka faɗa rami ɗaya da su?

Alhaji Mamman:
Wa alaikumus salam. Ɗana Abdul-Aziz, Allah ya sa albarka a nema. Ni ɗan kasuwa ne, ban san aikin jar waya da baƙa ba, amma shekara talatin ina ɗaukar yara aiki tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano, kuma ban taɓa ganin yaron da ya bar inda ake cika masa aljihu ba. Ka faɗa mana nawa kake biyansu. In jaka 42 ce a wata, wato mafi ƙarancin albashin da doka ta tsayar, kada ka yi mamaki in wanda ya iya karanta zanen waya ya tafi, domin irinsa ba su da yawa kuma kowa nemansu yake. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shawarata ita ce ka je Kano ko Kwatano, ka ɗauko ƙwararru biyu da suka iya haɗa irin waɗannan babura, ka ba su masauki da abinci da ninkin abin da suke samu, su gama maka sauran 17 cikin wata guda. Kayan da ke kwance a kwali jari ne da yake barci, dattijon da ya ba ku kuɗi kuwa ba zai yi ta jira har abada ba.

Sani (daga Greensboro):
Alhaji, Allah ya ƙara girma. Maganarku tana da tushe, amma ku ba ni dama in faɗi abin da idona ya gani a nan Amurka, domin shekara shida ke nan ina aiki a wata masana'antar kayan mota a jihar North Carolina, kuma abin da ƙanena Abdul-Aziz yake magana a kai a gabana ya faru.

A ƙarshen 2021 guraben aikin da ake neman masu cike su a ƙasar nan sun haura miliyan 11, kuma a watan Nuwamba na shekarar kaɗai mutum kusan miliyan huɗu da rabi suka ajiye aikinsu da kansu, yawancinsu don sun ga inda ya fi. Masana'antarmu ta ƙara albashi, ta sa kyautar kuɗi ga duk wanda ya sa hannu ya fara aiki. Mutane suka zo. Sai dai wanda aka ɗauka ranar Litinin, kafin Alhamis wata masana'antar ta ƙara masa wani abu ya wuce, takardar sunansa ma tana nan manne a akwatin ajiye kayansa ba a ɓare ba. Ni kaina ina da wata takwas da fara aiki aka ce ni ne mai koya wa sababbi, alhali akwai injin da in ya tsaya ban san abin da zan taɓa ba. Tsofaffin da suka san injin da kyau sun yi ritaya lokacin korona, sun tafi da saninsu. Kayan da muka yi a watannin nan, da yawa sai da aka dawo da su aka sake.

Kamfanin da Abdul-Aziz ya karanta labarinsa ina jin Rivian ne. A 2017 ya sayi tsohuwar masana'antar Mitsubishi da ke garin Normal a jihar Illinois a kan dalar Amurka miliyan 16, kuma a Nuwamban 2021, da ya shiga kasuwar hannun jari, ya tara kusan dalar Amurka biliyan 12 a tashi ɗaya. Amazon ta riga ta yi odar motocin kai kaya dubu 100 a wurinsa. Ga kuɗi, ga mai saye yana jira, ga gini. Duk da haka motoci 1,015 kaɗai ya ƙera a 2021, a 2022 kuma ya tsayar wa kansa dubu 25 bai kai ba, ya tsaya a 24,337. Garin Normal mutanensa ba su kai dubu 60 ba, Maraɗi ta ninka shi sau biyar tun a ƙidayar 2012, amma a nan kamfanin yake son samun dubban ma'aikata cikin 'yan watanni, mafi yawansu ba su taɓa haɗa mota ba. A watan Oktoban 2022 sai da ya kira motoci sama da dubu 12, kusan duk abin da ya sayar zuwa lokacin, domin akwai wani noti a haɗin ƙafar gaba da sitiyari da ake tsoron ba a ɗaure shi yadda ya kamata ba. Noti guda, Alhaji. Biliyoyin nan sun sayi ƙarfe da injuna, amma watannin da hannu yake bukata kafin ya zauna a kan aiki sai da aka zauna aka yi su.

Malama Hadiza:
Yaya Sani, ina da ɗan gyara, domin kada mu ɗora wa rashin ma'aikata laifin da ba nasa ba duka. Abin da shi kansa kamfanin ya riƙa faɗa a 2022 shi ne ƙarancin kayan haɗi, musamman ƙananan ƙwaƙwalen lantarkin nan da suka yi wuya a duniya tun 2021, har manyan kamfanoni irin su Toyota da Ford suka riƙa tsayar da aiki. Kuma a tsakiyar 2022 ɗin ma Rivian ya sallami kusan kashi 6 cikin ɗari na ma'aikatansa, abin da ke nuna cewa lissafin kuɗi ma yana cikin matsalar. Lucid, wani sabon kamfanin motar lantarki wanda asusun jarin Saudiyya ke riƙe da mafi yawansa, ya fara shekarar da burin motoci dubu 20, ya ƙare da 7,180. Wasu kuma ba su tsira ba ko kaɗan: Lordstown ya durƙushe a 2023, Fisker a 2024. Aikina lissafin kuɗin shaguna ne, shi ya sa nake kallon abin ta wannan fuska. Sabon kamfani yana biyan haya da albashi da bashi tun ranar farko, ko ya fitar da kaya ko bai fitar ba, kuma kowane mako da aka yi ana koyo kuɗi ne ke fita ba tare da wani ya shigo ba. Don haka gaggawar Alhaji tana da dalili.

Sani (daga Greensboro):
Na karɓi gyara, Malama, gaskiyarki ce. Abin da zan ƙara kawai shi ne mu ne masu yin kayan haɗin da ake cewa sun yi ƙaranci. In layinmu ya tsaya don ba mai gyara injin a aikin dare, can a masana'antar mota sai a rubuta cewa kaya ba su iso ba. Babban kamfani in ya buga waya shi ake fara sallama, sabon kamfani mai odar 'yan dubbai kuwa sai ya jira. Rashin hannu a wuri ɗaya shi ke zama rashin kaya a wani wurin.

Baba Ilu bakanike:
Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa. Shekara 35 ina gyaran babur a kusa da tashar mota, tun zamanin da ake ji da Mobylette har zuwan baburan Sin da na Indiya, kuma yaran da na yaye sun fi ashirin, wasu suna da garejinsu a Tasawa da Madarunfa da Gidan Rumji. Abdul-Aziz, ina son in tambaye ka abu ɗaya: cikin arba'in ɗin da suka zo ƙofarka, nawa ne ubansu ya kawo su? Mu a sana'armu yaro ba ya zuwa da kansa. Ubansa ko kawunsa ne yake riƙo hannunsa, ya zo da goro, ya ce ga amana. Shekarar farko yaron ba ya kwance komai, wankin kaya yake yi a cikin tasar fetur yana miƙo sifana, har sai ya san lamba goma da lamba goma sha biyu da ido ba tare da ya duba ba. Ina ciyar da shi, in ya yi zazzaɓi ni ke saya masa magani, ranar salla in ɗinka masa. Irin wannan yaro ko an yi masa zancen zinariya sai ya shawarci ubansa, uban kuma sai ya zo wurina. Kai kuwa ka ɗauki waɗanda suka zo don sanarwa, babu abin da ya haɗa ku sai kuɗin wata, to ranar da wani ya fi ka kuɗi me zai riƙe su?

Sannan akwai lokaci. Ka ce wata uku ke nan da isowar kaya, ka lissafa ka gani ko damina ba ta faɗo cikin watannin ba. Duk mai gareji a garin nan ya san da an yi ruwan shuka yaran ƙauye sai gona, ba ka ganinsu sosai sai an yanke gero. Wanda ya tsara aikinsa bai sa damina da cin rani a lissafi ba, bai tsara don Maraɗi ba.

Game da shawarar Alhaji ta ɗauko ƙwararru, ban ƙi ba, amma na ga irinta. Baƙo zai zo ya haɗa maka 17 ɗin da kyau, ya karɓi kuɗinsa ya koma. Bayan wata huɗu in babur ya tsaya wa ɗan kabu-kabu a hanyar Tibiri, wa zai buɗe shi? Wurina za a turo shi, ni kuma in na buɗe ban ga kabireta ba, ban ga fulogi ba, sai baƙin akwati da wayoyi. Ka faɗa mana, biyun da aka dawo da su me ya same su?

Abdul-Aziz:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Babu ko ɗaya da ubansa ya kawo, kuma gaskiya ne damina ta faɗo a tsakiya. Alhaji, jaka 60 nake biya, ban kai abin da ƙungiyar ta ba yaron da ta ɗauke ba. Babur na farko, notin gatarin baya ne bai ɗauru ba, gatarin ya juya ya murɗe wayoyin da ke shiga injin har suka tsinke daga ciki. Na biyun kuma kan wayar da ke tsakanin batir da kwantirola, wato akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji, shi ne ba a matse shi sosai ba, ya riƙa zafi a hankali har robar ta narke ta yi baƙi. Mai babur ɗin ya ce ƙauri ya ji ya tsaya. Da bai tsaya ba, ban san abin da zan faɗa wa iyalinsa ba, kuma tun ranar ban ƙara yin barci mai kyau ba.

Malam Isufu:
Assalamu alaikum. Ina koyar da lantarki a makarantar sana'a, kuma amsar da Abdul-Aziz ya bayar ita ce ta sa na kasa yin shiru. Ku duba, notinsa da notin Rivian cuta ɗaya ce, kuma ba ƙwararren injiniya ake bukata don a kauce mata ba.

Baba Ilu, da girmamawa, tarbiyyar da kuka bayyana ita ce ginshiƙi, ban da ja a kanta. Amma hanyar koyo ta gareji an gina ta ne a kan kunne da hanci da tafin hannu. Kuna jin ƙarar inji ku san inda ciwon yake. Babur na lantarki ba ya kuka kafin ya mutu. Waya mai sako-sako da waya mai kyau kamarsu ɗaya a ido, sai mita ce take bambanta su, kuma batir mai volt 72 in sifana ta faɗa tsakanin kawunansa biyu, cikin ƙiftawa za ta yi ja ta manne. Batirin litiyam in ya kama wuta yana ci da kansa, yana iya sake tashi bayan an zaci ya mutu, ga kuma zafinmu na Afrilu da Mayu da yake haura digiri 40 a inuwa. Shi ya sa ma nake ba duk mai odar batir shawara ya nemi irin wanda ake yi da sinadarin ƙarfe da fosfet, domin ya fi jure zafi ko da ya fi nauyi. Irin wannan aiki ba a barin sa ga tunawar mutum, komai iyawarsa. Ana rubuta matakai ɗaya bayan ɗaya, ana ɗaure kowane noti da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, a ɗiga masa fenti rawaya alamar an gama, wani mutum dabam ya bi baya ya duba ya sa hannu. A masana'antun Toyota akwai igiya da kowane ma'aikaci yake da ikon ja ya tsayar da layi in ya ga kuskure, kuma ba a hukunta shi don ya ja.

Ga amsar tambayarka ta farko, Abdul-Aziz. Muna da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, muna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo, muna da cibiyoyin koyon sana'a. Ɗalibaina sun san dokar Ohm ta lissafin wutar lantarki, suna karanta zane, amma da yawansu har su gama ba su matse kan waya sau ashirin ba, domin kayan gwaji sun yi mana kaɗan. Yaran Baba Ilu kuwa hannunsu ya faɗa, amma zanen ya zo da rubutun Sinanci ko Turancin Ingilishi, wanda ya yi boko cikinsu ma Faransanci ya koya. Mutumin da kake nema, mai kai da hannu tare, rabinsa yana ajina rabinsa yana gareji. Basira kuwa ba ita muka rasa ba. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato nan maƙwabtanmu, shi ya zana siffar farko ta motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors.

Kuma kada wani ya zaci ɗauko baƙi ko sayen injuna yana gajarta hanya. Northvolt na ƙasar Suwidin ya gina katafariyar masana'antar batir a garin Skellefteå, ya tara ma'aikata daga ƙasashe da dama, ya sayo injuna daga Sin, amma ya kasa fitar da batir mai kyau da yawan da ya yi alkawari. BMW ta soke odar Yuro biliyan 2 a 2024, a watan Maris na 2025 kamfanin ya durƙushe. Tesla ma a 2017 ya cika masana'antarsa ta Fremont da injuna masu sarrafa kansu da burin ƙera motarsa Model 3 dubu biyar a mako kafin ƙarshen shekara. Bai kai ba sai ƙarshen Yunin 2018, bayan ya kafa wani ƙaton tanti a waje ya sa mutane suna haɗa mota da hannu, kuma shugaban kamfanin Elon Musk da kansa ya amsa cewa ya yi kuskure da ya dogara ga injuna fiye da kima.

Baba Ilu bakanike:
Malam, na ji kuma na yarda cewa abin da ba ya ƙara ba a gane shi da kunne. Sai dai ka sani, yaron da bai koyi tsoron maigida ba, ba zai ji tsoron takarda ba. Zai ɗiga fentin nan ba tare da ya ɗaure notin ba in yana sauri ya tafi kallon ƙwallo. Takardarka tana bukatar yaron da aka riga aka gyara masa hali. Ku rubuta ta da Hausa, ku sa hotuna, ni kuma in ba ku yaran da na san ba sa ƙarya a kan aiki.

Lawali ɗan kabu-kabu:
Iyayena, ku yi mini afuwa in sa baki, domin mu ne za mu hau abin. Na gwada ɗaya daga cikin baburan Yaya Abdul-Aziz na kwana uku. Yana da daɗin tuƙi, yana tashi da sauri ko da na ɗauki mutum da buhu, kuma da yamma kuɗin da na saba bai wa mai bumburutu yana aljihuna. Amma caji yana cin awoyi, ni kuwa awa ɗaya ta safe a bakin babbar kasuwa ita ce abincin gidana. Kuma dukanmu muna tune da watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, yadda muka kwana muka tashi cikin duhu. Na ji cewa a Kigali kamfanin Ampersand, da Spiro a Kwatano da Lome, ba sa sa direba jiran caji, yana zuwa ne ya ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintoci. In za a yi haka a nan da sola, ai kowace rumfar canjin batir tana bukatar mutumin da ya san abin da yake yi. Wato ma'aikatan da kuke nema ba na haɗawa kaɗai ba ne, har da masu zama a rumfa da masu gyara. Abokaina sun ce ba za su saya ba sai sun ga wanda zai gyara musu a unguwa, domin babur ɗin da ya kwana biyu a ajiye bashi ne yake hawa kan mutum, musamman wanda yake biyan mai babur kullum.

Alhaji Mamman:
Na saurari kowa. Malam Isufu da Baba Ilu, abin da kuke faɗa aikin shekara ne, yaron nan kuwa bashi ne a kansa yau. Kuma akwai abin da ba ku taɓo ba. In ya kashe kuɗinsa ya koya wa yara shida, ranar da suka iya, wani mai jari da ya fi shi zai buɗe shago a gefensa ya kwashe su ba tare da ya kashe ko dala ba. Na ga an yi haka a harkar gyaran waya, na ga an yi a harkar sola. Ni dai ina nan a kan bakana: a ɗauko ƙwararru. Abin da zan sassauta shi ne a rubuta cikin yarjejeniya cewa ba za a cika musu kuɗi ba sai kowannensu ya tsaya yaranmu sun haɗa babur biyu a gabansa, shi yana kallo hannunsa a baya.

Malama Hadiza:
Alhaji, wannan sharaɗin naku ya fi komai amfani cikin abin da aka faɗa game da baƙi. Zancen kwashe yara kuma gaskiya ne, amma akwai hanyoyin rage shi. Abdul-Aziz, ka daina biyan albashi tsagwaro. Ka bar jaka 60 ɗin, ka ƙara wani kaso a kan kowane babur da ya yi wata uku a titi ba a dawo da shi ba, ta yadda wanda ya tafi ya san ya bar kuɗi a baya, wanda ya zauna kuma ya san notin da ya ɗaure yau shi zai biya shi gobe. Ka je ofishin FAFPA, asusun gwamnati na horar da masu sana'a, ka tambayi sharuɗɗan tallafin koyon sana'a, domin don irin wannan aka kafa asusun, kada nauyin koyarwa ya zauna a wuyanka kai kaɗai. Sannan ina mamakin yadda har yanzu ba wanda ya ambaci 'yan mata. Akwai masu gama karatun lantarki a garin nan suna zaune a gida. Aikin haɗa wayoyi da gwaji da mita a kan tebur ake yin sa, yana son natsuwa da tsabta, kuma ba su ne ke tafiya haƙar zinariya ko cin rani ba. In an keɓe musu wuri mai mutunci da lokacin tashi da iyaye za su amince da shi, za a samu.

Malam Isufu:
Malama ta faɗi gaskiya. Cikin waɗanda suka fi kowa tsabtar aiki a ajina na bara akwai 'yan mata biyu, kuma zan iya zuwa da kaina in yi magana da iyayensu.

Abdul-Aziz:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na zauna da abokina daren jiya mun karanta komai tun daga farko. Mun yanke cewa za mu daina bin lissafin babur goma a wata da muka yi wa dattijonmu alkawari, za mu je mu same shi mu faɗa masa gaskiya cewa biyu a mako ne iyakarmu, shi ma sai bayan wata guda na shiri. Biyar ɗin da ke kan titi za mu kira masu su gobe mu sake duba kowane noti da kowane kan waya, a kan kuɗinmu. Alhaji, mutum ɗaya za mu iya ɗaukowa daga Kano ba biyu ba, da sharaɗin da kuka faɗa, kuma ina roƙon ku taimaka mana da wanda kuka sani a can ya bincika mana halinsa kafin ya taso. Malam Isufu, sifana mai auna ƙarfin ɗauri ba mu da ita, na tambaya a kasuwa ban samu ba. Yaya Sani, in akwai mai zuwa gida kwanan nan, ko za ka aiko mana da guda biyu da abin matse kan waya mai kyau, mu biya a nan? Zancen rumfar canjin batir da Lawali ya kawo ya fi ƙarfinmu a yanzu, amma caja biyu za mu kafa a shago a kan sola don waɗanda suka saya.

Sani (daga Greensboro):
Akwai mai tasowa ƙarshen wata, zan ba shi. Ka turo mini hoton shafin littafin da ya zo da kayan, inda aka rubuta ƙarfin ɗaurin gatarin baya, domin in sayi wadda ta kai.

Baba Ilu bakanike:
Ina da yara biyu, ɗaya shekararsa huɗu a wurina, ɗaya biyar, kuma ƙaramin ya yi makaranta har aji shida. Zan kira iyayensu ranar Juma'a bayan masallaci. Malam Isufu, ka zo da takardarka ranar Asabar da safe, a buɗe kwali ɗaya a gabana, ni ma ina son in ga cikin wannan baƙin akwati da idona kafin in ba da yarana.